Marigayi Ɗantala Yana Nan da Ransa

A Tudun Wada, idan ka bi layin teloli ka wuce masu faci, akwai wata 'yar mararraba da tsohuwar darbejiya ta yi wa inuwa. A gindin bishiyar akwai famfon burtsatse, a bayan famfon kuma an gina allon siminti da ya kai ƙirjin mutum, an manna masa farantin baƙin dutse. Sunaye bakwai ne a jiki, na mutanen da suka rasa rayukansu ranar da jama'a suka fita neman masu kaki su koma bariki a bar mutane su zaɓi wanda suke so. Suna na biyar shi ne Ɗantala Mai Keke. Shi kuwa Ɗantala Mai Keke, shekara da shekaru, kusan kullum da hantsi yana zaune a benci daura da allon, yana ɓare gyaɗa yana korar awaki.

Sunansa na yanka Abdulrasheed, amma ko mahaifiyarsa ba ta taɓa kiransa haka ba. Mahaifinsa mutumin wajen Funtuwa ne, cinikin auduga ya kawo shi Gombe, garin ya karɓe shi ya zauna. Da Ɗantala ya gama firamare aka kai shi koyon ɗinki. Wata uku ya yi, ya lalata wanduna biyu da rigar wani ango. Amma duk lokacin da ubangidansa ya fita salla, sai ya dawo ya tarar an kwance keken ɗinkin gaba ɗaya an baje a tabarma, kuma idan aka mayar sai keken ya fi da gudu. Ran nan ubangidan ya gaji ya ce, "Kai ba tela ba ne. Je ka ka zama likitan teloli." A nan ya samu sana'a, ya kuma samu suna.

Hannunsa na da kyau, bakinsa ne matsala. Idan ya gama gyara wa tela keke sai ya rage murya ya ce, "Ka yi hankali fa, keken nan ba ya son ƙarya. Duk ranar da ka ce wa mai kaya ya dawo gobe alhali ka san ba goben ba ce, zare zai tsinke." Da yake zare na tsinkewa kullum, teloli kuma na cewa gobe kullum, akwai waɗanda suka yarda. Babban abokinsa shi ne Vitalis, mutumin gabas mai rubuta allunan shaguna, wanda ya zo garin yana saurayi ya koyi Hausa a bakin Ɗantala, saboda haka ya daɗe yana gaida dattawa da kalmomin da ba na gaisuwa ba kafin ya gane. Vitalis ɗin ne ya rubuta masa suna da farin fenti a jikin jakar kayan aikinsa.

Ranar da abin ya faru, tun Gombe ba ta zama jiha ba, Ɗantala yana da shekara ashirin da shida, aurensa da Kande wata bakwai. Ya fito da jakarsa zai je duba keken wata mata, sai ya ci karo da jama'a sun cika titi, ɗalibai a gaba, direbobi da 'yan kasuwa da 'yan dako a baya, ana ɗaga kwalaye. Shi dai bai taɓa sa zancen mulki a ransa ba, amma mutum ne da ba ya iya ganin taro ya wuce. Ya tambayi wani ɗalibi me ake rerawa, aka faɗa masa, ya gyara murya ya ɗauka. Muryarsa kuwa irin wadda ke tashin jariri a gida na uku ce. Nan da nan aka tura shi sahun gaba, yana tafe yana ƙara wa waƙar baitocin da babu su a ciki, jama'a na amshi suna dariya.

A mararrabar nan dariya ta ƙare. Motoci biyu na masu kaki suka tare hanya. Aka fara da hayaƙi mai sa hawaye, sannan aka ji wata ƙara da ba ta hayaƙi ba. Jama'a suka watse, Ɗantala ya faɗi, ƙafafu suka riƙa bi ta kansa. Sai ya ji an cafki wuyan rigarsa an ɗaga shi. Wani saurayi ne sa'ansa, tsayinsu ɗaya, da usur rataye a wuya, Hausarsa irin ta mutanen kudancin Gombe.

"Tashi, malam, ba a kwanciya a nan!"

Ba su yi taku goma ba saurayin ya kife, jini na zuba daga kansa. Ɗantala ya ja shi bayan wani kanti, ya tuɓe rigarsa ya ɗaure masa kan, ya tura masa jakar kayan aiki ƙarƙashin wuya. Ya buɗe baki zai kira mai kura ya zo su ɗauke shi, muryar nan da ta cika titi ɗazu ta ƙi fita, hayaƙi ya cinye ta. Sai ya zare usur ɗin daga wuyan saurayin ya fita titi yana busawa. Waɗanda suka amsa kiran masu kaki ne. Suka jefa shi bayan mota ba riga, ya samu ya cusa usur ɗin cikin ƙugun wando.

Washegari aka miƙa wa dangi gawarwaki, aka ce a rufe su kafin azahar, ba taro. Tsohon da ya wanke saurayin bai san Ɗantala ba, fuskar kuma ta kumbura ba ta ganuwa. Ga riga, ga jaka da suna da farin fenti. Mahaifin Ɗantala ya kalli jakar ya zauna a ƙasa. Aka yi salla, aka kai, Kande ta shiga takaba.

Wata goma sha ɗaya ya yi a tsare a wani gari mai nisa, ba wanda ya tambaye shi komai sai sunansa, shi ma ba a rubuta daidai ba. Ran nan da safe aka buɗe ƙofa aka ce su tafi. Ya roƙi direban motar albasa ya ɗauko shi, ya sauka Gombe ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ya rame, gemu ya cika masa fuska.

Shagon Vitalis ya fara zuwa. Ya tsaya a bayansa ya ce, "Bita, wannan harafin ya karkace." Vitalis ya waiwayo, ya kira sunan uwarsa da harshensu, ya fita ta taga da gwangwanin jan fenti a ƙafa ɗaya. Sai da maƙwabta suka taru suka taɓa Ɗantala ɗaya bayan ɗaya sannan Vitalis ya yarda ya dawo, yana kuka yana zaginsa. Da aka kai Ɗantala gida mahaifiyarsa ta suma, mahaifinsa ya riƙe hannunsa har la'asar bai sake ba. A nan aka gaya masa Kande ta gama takaba tuni, ta koma gidan iyayenta a unguwar Kumbiya-Kumbiya, har ma wani ya fara zuwa.

Bai ko aske gemun ba ya nufi can. A zaure ya tarar da wani mai hatsi, Alhaji Mu'azzam, ya sha babbar riga yana jiran a fito. Ɗantala ya yi sallama ya zauna kusa da shi kamar baƙo.

"Alhaji, wurin wa aka zo?"

"Wurin yarinyar nan da mijinta ya rasu."

"Allah sarki. Wane irin mutum ne mijin?"

Alhaji ya gyara hula. "To, Allah ya jiƙansa. An ce dai wani mai surutu ne, bai san inda ke masa ciwo ba. Ka ga ai surutun ne ya kai shi."

"Haka ne," in ji Ɗantala. "Ni ma ban taɓa ganin shashasha irinsa ba."

Suna cikin haka Kande ta shigo da kwanon ruwa. Ta kalli Alhaji, ta kalli mai gemun. Kwanon bai faɗi ba, ba ta kuma yi ihu ba. Ta ajiye shi a hankali, ta tako har gabansa, ta daɗe tana kallonsa. Abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Ina ka je?"

"Na je duba keken wata mata."

Sai ta ɗauki kwanon ta juye masa ruwan a ka, sannan ta durƙushe tana kuka. Alhaji Mu'azzam ya fita da takalmi a hannu. Har ya bar duniya, idan ya hango Ɗantala a kasuwa sai ya canza layi.

Mako guda Ɗantala ya yi yana bin mutane gida-gida yana tambayar abin da kowa ya faɗa a zaman makokinsa. Wanda ya ce mutumin kirki ne sai ya sa shi ya maimaita a gabansa. Amma akwai tambayar da ba ya yi da dariya. Ya je wurin dattawan unguwa ya ce wanda aka binne ba shi ba ne, wani ne, kuma yana da uwa a wani wuri. Suka ce ya yi shiru, lokacin ba na tone-tone ba ne, a yi masa addu'a kawai. Ya ɗauki usur ɗin ya zaga tashoshin mota, ya nuna wa direbobin Billiri da Kaltungo, ya nuna wa 'yan dakon Kasuwar Gombe. Kowa ya juya shi a hannu ya girgiza kai. Daga baya ya daina tambaya, ya adana shi cikin gwangwanin allurai.

Shekaru suka wuce, farar hula suka karɓi mulki, suka haifi 'ya'ya biyar shi da Kande. Sai matasan ƙungiyar direbobi da teloli suka ce za su haƙa burtsatse a mararrabar, sadaka ga waɗanda suka rasu, a kuma sa sunayensu. Sunayen daga wata tsohuwar takarda suka kwafo, wadda ɗalibai suka rarraba a makon da abin ya faru. A wani gari aka sassaƙa farantin, aka kawo shi a nannaɗe, aka ba Vitalis ya manna. Vitalis ya buɗe, ya karanta, ya ga suna na biyar, ya rufe abinsa bai gaya wa kowa ba. Ya dai je ya ce wa Ɗantala, "Ranar buɗewa ka sa kaya masu kyau, ka zauna a gaba."

Ranar aka kafa rumfa, aka yaye ƙyalle, wani matashi ya ɗauki lasifika yana kiran sunaye ɗaya-ɗaya, jama'a na cewa Allah ya jiƙansa. Ya kira na huɗu. Ya ce, "Ɗantala Mai Keke."

"Na'am!" in ji Ɗantala daga sahun gaba.

Matashin ya saki takardar. Dattawa suka sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa, mata a baya suka fashe, Vitalis ya kwanta a kan benci yana riƙe ciki. Bayan an tashi shugabannin ƙungiya suka zo da kunya suna ba shi haƙuri, suka ce gobe-gobe za a kankare.

"Ba wanda zai taɓa shi," in ji Ɗantala.

"Baba, ai kana raye."

"Na sani, ni ma na lura. Amma akwai wanda aka binne da sunan nan, ba shi da wani. Ku kawo mini nasa, ku ɗauki nawa."

Suka kalli juna, aka bar shi.

Daga ranar unguwa ta shiga uku. Idan Kande ta ce ya je ya ɗebo ruwa sai ya ce marigayi ba ya ɗaukar jarka. Idan tela ya matsa masa a kan gyara sai ya ce a bar matattu su huta. Da idonsa ya fara rauni ya rage yawon gyara, sai ya kafa benci a gindin darbejiyar, ya zama mai gadin allon ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Shi ke wanke farantin, shi ke hana mata shanya a kai, shi ke faɗa da masu manna hotunan 'yan takara. Baƙo kuwa idan ya tsaya karanta sunayen, ya faɗa hannunsa.

A damunar bara wata budurwa ta sauka daga keke napep da littafi da waya a hannu. Sunanta Najiba, ɗalibar jami'a ce, tana rubutun kammala karatu a kan abin da ya faru ranar. Ta tsaya gaban allon ta yi addu'a, ta ɗauki hoto, ta kwafe sunayen. Sannan ta juyo ta rusuna.

"Baba, ina wuni. Don Allah ko ka san wani daga cikin waɗannan bayin Allah?"

Ɗantala ya share ɓawon gyaɗa daga cinyarsa. "Na biyar ɗin nan, ba wanda ya san shi kamar ni. Kwano ɗaya muke ci."

Idonta ya yi haske, ta kunna waya ta zauna a bakin bencin. "Wane irin mutum ne?"

"Kyakkyawa," in ji shi. "Idan ya bi layin nan 'yan mata har karo suke da bango. Ga haƙuri, ga kawaici, sai ya wuni bai ce uffan ba."

Tana rubutawa. Mai facin da ke gefe ya juya baya yana tari.

"Ya bar iyali?"

"Ya bar mata ɗaya. Tana nan, ba ta sake aure ba. Ta ce bayan shi ba namiji."

"Wayyo Allah," in ji Najiba, ta dafa ƙirji. "Baba, za ka iya kai ni wurinta?"

Ya miƙe da ƙyar kamar wanda aka ɗora wa nauyi, ya shige gaba. Suka tarar da Kande a tsakar gida tana tsince shinkafa. Najiba ta durƙusa har ƙasa, ta yi mata gaisuwar rashi a nutse, ta ce ta ji irin riƙon amanar da ta yi wa marigayi shekara talatin da wani abu. Kande ta ɗago ta kalli yarinyar, ta kalli mijinta da ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon sama.

"'Yata, wa ya kawo ki?"

"Baban nan ne, abokin marigayin."

"Me ya ce miki?"

"Ya ce mutum ne mai kawaici, ba ya magana."

Kande ta ajiye faifan. "To ga marigayin nan a bayanki. Tun safe ya cinye mini ɗumame kwano biyu. Kawaici kuwa, ranar da ya yi shiru na minti biyar sai na taɓa goshinsa."

Najiba ta miƙe, fuskarta ta haɗe. Ba ta yi dariya ba. Ta rufe littafinta ta ce, "Haba Baba. Mutane sun mutu a wurin nan fa. Ni da gaske na zo, ba wasa na zo ba."

Ta kama hanyar fita. Ɗantala ya ji maganar ta shige shi inda ta mutane da yawa ba ta shiga. Ya ce, "Dakata, jikata. Kin yi gaskiya. Zauna in ba ki wanda ba wasa ba." Ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin allurai, ya zazzage usur ɗin a tafin hannunta. Ƙarfen ya dushe, igiyar saƙa ce ta jan zare da baƙi. Ya ba ta labarin tun daga faɗuwarsa har motar masu kaki, bai ƙara ko gishiri ba. Kande, wadda ta ji labarin sau ɗari, ta daina tsintar shinkafa.

"Ka yarda in sa a waya mutane su gani?" in ji Najiba.

"Sa. Amma ki ɗauke ni ta wannan gefen, ya fi kyau."

Mako uku bayan haka, yana zaune a bencinsa, Najiba ta dawo da wata dattijuwa mai tabarau da ɗankwalin atamfa. Ta ce sunanta Jummy Yila, daga Kaltungo, malamar asibiti ce. 'Yarta ce ta nuna mata hoton a waya. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba ta miƙa hannu. Ɗantala ya sa mata usur ɗin. Ba ƙarfen ta duba ba, igiyar ta bi da yatsa har ta kai wani ƙulli.

"Nan na yi kuskure," ta ce. "Zaren ya ƙare mini na ɗaura wani. Ina aji uku a sakandare."

Ta buɗe jaka ta fito da hoto. Saurayi ne cikin gajeren wando, ƙafa ɗaya a kan ƙwallo, usur a wuya, yana dariya. Ɗantala ya kai hoton kusa da idonsa, ya daɗe, sannan ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Shi ne."

"Yayana ne, Sammy. Shi ke alƙalancin ƙwallo a unguwarmu. Ya zo Gombe saya wa 'yan wasa riguna, bai koma ba. Wasu suka ce sun gan shi a Legas. Mamanmu ta yi shekara goma sha tara tana ajiye masa abinci."

Ɗantala ya yi ta murza hular. Akwai abin da ke cinsa tun da ya ji sunan. Ya ce, "Malama Jummy, akwai magana. Da sunana aka binne shi, a maƙabartarmu, yadda muke yi. Ba wanda ya san ba namu ba ne."

"An wanke shi?"

"An wanke shi."

"Mutane sun tsaya a kansa?"

"Mahaifina ne a gaba. An ce sai da aka riƙe shi."

Ta cire tabarau ta goge. "To ba a yar da shi ba. Abin da Mama take son ji ke nan."

Aka kira Vitalis, wanda yanzu 'ya'yansa ke riƙe da shago, shi kuma gwiwa ta hana shi tsayuwa. Ya ce wannan aikin ba zai ba kowa ba. Aka kawo masa kujera gaban allon, ya kwana biyu yana goge layi na biyar yana sassaƙa sabo, Ɗantala na tsaye a kansa yana cewa ya karkace. Ranar da aka gama Jummy ta dawo da 'ya'yanta da limamin cocinsu, limamin unguwa ma ya zo, kowa ya yi addu'a irin tasa. Aka karanta: Sammy Yila. Kande ta matso kusa da mijinta ta ce a hankali, "To, an tashe ka. Jarkoki na nan huɗu."

Da yamma ya raka Jummy maƙabarta. Kabarin ya daɗe da shafewa, amma mahaifinsa ya taɓa nuna masa wurin, kusa da wata tsamiya ta bangon gabas. Ta tsaya daga wajen katanga, ya nuna mata da hannu. Ta sunkuyar da kai ta yi abin da za ta yi, shi kuma ya koma gefe ya ba ta wuri.

A keke napep, suna komawa tasha, ta juyo ta ce, "Baba Ɗantala, ya yi magana kafin ka bar shi?"

Ɗantala ya gyara zama, ya kalli titi. "Ya yi. Ya riƙe hannuna ya ce, ɗan'uwa, ku ci gaba, kada ku bari ƙasar nan ta lalace."

Jummy ta kalle shi ta saman tabarau. "Sammy bai taɓa yin magana irin wannan ba tun da aka haife shi. Faɗa mini gaskiya."

Napep ya wuce shagunan masu katifa. Sannan Ɗantala ya ce, "Lokacin da nake ɗaure masa kai, ya buɗe ido ɗaya ya ce, malam, rigar nan taka warin man keke take, ba ka da wata?"

Jummy ta fashe da dariya, ta buga gwiwarta, ta yi ta yi har hawaye suka zubo, daga nan kuma ba dariyar ba ce. Mai napep ya rage gudu yana leƙe ta madubi.

"Shi ne," ta ce, tana share fuska da bakin ɗankwali. "Wallahi shi ne. Ko a coci sai ya juyo ya ce wa mutum turarensa ya yi yawa. Kai me ka ce masa?"

"Na ce ya yi haƙuri, ta Juma'a tana wurin wanki."

A tasha ta shiga motar Kaltungo ta samu wurin taga. Ta ce masa ranar Kirsimeti lallai su zo shi da Kande, za ta yanka musu kaza da hannun Musulmi. Ya ce zai zo, amma ta sani shi cinya biyu yake ci. Motar ta cika, ta tashi, ya tsaya har ta fita daga ƙofar tasha, sannan ya tsallaka titi ya sayi rake ya kama hanyar gida a ƙasa.